Auduga, kittani ko tetoron: wace riga ce ke iya zafin Jidda da Makka?

Ɗan yayata ya sauka Jidda a watan Agusta da akwati ɗaya: shadda kala huɗu da suka sha sitati har suna iya tsayuwa da ƙafarsu, wandon jins biyu, da shat uku masu ƙyalli irin waɗanda ake ratayewa a bakin layi a Kantin Kwari. Aiki ya samu a wani kamfanin dakon kaya a kudancin gari, rabin yini a ofis, rabin yini a sito yana ƙirga kwali. Kwana uku da fara aikin ya shigo mini da daddare, gishirin gumi ya zana taswira a bayan rigarsa, wuya duk ƙuraje. Ya ja kujera dab da mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, ya ce, "Kawu, garin nan wuta ake hurawa a ƙarƙashinsa?" Na ce masa garin yana da nasa laifin, amma kayan jikinka sun fi shi. Ranar Juma'a bayan la'asar muka gangara Balad, tsohon garin Jidda, kuma abin da na yi ta faɗa masa muna tafe daga Bab Makka zuwa cikin kasuwa shi ne nake son in shimfiɗa a nan, don masu zuwa aiki, da ɗalibai, da masu Umara da za su daɗe.

Kafin a yi maganar yadi, sai mutum ya san wane zafi zai shiga, domin zafin Saudiyya ba iri ɗaya ba ne. Na Riyad da Madina busasshe ne ƙayau, kamar ka buɗe tanda. Makka ta fi su ɗan danshi amma ta fi su ƙuna. Daga Yuni zuwa Agusta ma'auni yana yawo a kan 43 zuwa sama, kuma a Hajjin 2024 an auna 51.8 a Harami, shekarar da mahajjata sama da 1,300 suka rasu, Allah ya jiƙansu. Jidda kuwa lambarta ba ta kai wannan a yawancin kwanaki, sai dai Bahar Maliya tana turo laima, abin da mutanen gari ke kira ruɗuba, har ka fito daga mota gilashin idonka ya yi hazo. Jiki ba ya samun sanyi don ya yi gumi, sai idan gumin ya bushe a kan fata. A Madina kana yi yana bushewa, don haka rigar da ke ɗan riƙe danshi taimakonka take yi. A Jidda iskar ma ta ƙoshi da ruwa, ba ta da inda za ta kai naka, saboda haka rigar da ta sha gumi ta riƙe ta zama jiƙaƙƙen tsumma a jikinka har magariba. Akwai kuma yanayi na uku da ba a rubuta shi a taswira ba, wato mukayyif. Ofis, masallaci, mota, jirgin ƙasan Haramaini, ko'ina sanyi kamar firij. Wanda ke shige da fice tsakanin rana da wannan sanyin sau goma a yini, buƙatarsa dabam da ta wanda ke wuni a waje, ko da yake dokar ƙasar ta hana sa ma'aikaci aiki a rana daga ƙarfe 12 zuwa 3, daga 15 ga Yuni zuwa 15 ga Satumba.

Mu fara da auduga, tunda ita kowa ke nema. Duk shagon da ka shiga, mai shago zai daki ƙirji ya ce maka "guɗun miya bil miya", wato auduga zalla. Idan gaskiya ya faɗa, ka samu yadi mai laushi da ba ya cin fata, wanda ke iya ɗaukar danshin da ya kai kashi 7 zuwa 8 cikin 100 na nauyinsa ba tare da hannu ya ji jiƙa ba. Tana jure wanki, har ma ta fi ƙarfi idan tana jiƙe, shi ya sa za ka cuɗe ta ka murɗe ba ta ce uffan ba. Aibinta ɗaya ne amma babba: in ta sha ta ƙoshi, ba ta saki da wuri. Ka taka daga Bab Sharif zuwa Bab Makka da rigar auduga mai kauri a watan Satumba, sannan ka shiga shago mai mukayyif, za ka ji sanyin ya bi ta bayanka ya shige ƙirji. Yawancin murar da muke ɗora wa ruwan sanyi, ni na fi zargin jiƙaƙƙiyar riga.

Audugar ma suna ta tara. Wadda zarenta ke da tsawo, irin Giza ta Masar ko wadda ake nomawa a Jazira ta Sudan, ita ake iya kaɗawa siririya ta ba da yadi mara nauyi mai santsi. Jaziran nan kuwa ba baƙuwarmu ba ce: tun da aka gama madatsar Sennar a 1925, Hausawa masu tafiya Hajji a ƙasa sun yi shekaru suna tsinkar auduga a can don tara guzuri, wasu ma can suka zauna har jikoki. Mai gajeren zare ita ce wadda bayan wanki biyar za ka ga ta fara fitar da ƙananan ƙulalai a kwala da hammata. Kuma kowace auduga takan ɗan tsuke a wankin farko, don haka wadda ta zauna maka cif a shago, a gida za ta matse.

Kittani, wanda wasu ke kira linin, shi ne sarkin zafi, ba ni da ja a kan wannan. Daga karan wani tsiro ake fitar da zarensa, kuma mafi kyansa daga arewacin Faransa da Beljiyam da Holan yake fitowa. Yana shan danshi fiye da auduga, wajen kashi 12, amma yana sakinsa da sauri, sannan zarensa yana da ɗan tauri, don haka ba ya lafewa a fata. Tsayawa yake yi nesa kaɗan, iska na ratsawa tsakani. Ranar da na fara sa rigar kittani a Makka na taka daga Misfala zuwa Harami, sai na ji kamar an rage wa ranar murya. To amma ka zauna minti goma a mota ka tashi, za ka rantse a cikinta ka kwana. Zarensa ba ya dawowa in ya lanƙwashe. A Turai wannan yamutsewar ado ce. A nan kuwa, ƙasar da mutum ke fitowa da jallabiya kamar takardar da ba a taɓa ninkewa ba, mudirinka, wato shugabanka a wurin aiki, zai kalle ka sau biyu ya ɗauka ba ka da dutsen guga. Mu ma can gida haka muke, wa zai je ɗaurin aure da riga a cukuikuye? Ga tsada. Shi ya sa na fi ba mutane shawarar gaurayen kittani da auduga, wanda ake yawan yi 55 da 45: ya ɗauko iskar wannan, ya ɗauko haƙurin waccan, yamutsewarsa kuma mai laushi ce ba mai kaifi ba. Sai dai a buɗe ido, domin da yawa daga abin da ake rataye wa sunan kattan a kasuwa, kamanni kawai aka saƙa masa, cikinsa biskos ne, wato zaren da ake yi da itace, da roba.

Yanzu ga inda ɗan yayata ya kama ni. Na gama zagin foliyesta, na ce masa leda ce aka kaɗa, ba ta shan ko rabin kashi ɗaya na danshi, sai ya nuna mini titi ya ce, "To Kawu, duk waɗannan fararen jallabiyoyin fa? Ai na taɓa, roba ce." Gaskiyarsa. Yawancin yadin jallabiyar bazara a ƙasar nan foliyesta ne, ko shi da biskos, kuma wanda aka fi yabo na Japan ne: Toyobo, wanda mu ma a Kano muka san sunansa, da Shikibo, da Tetoron, sunan da kamfanonin Teijin da Toray suka raɗa wa foliyestansu tun 1958 har ya zama sunan yadi a bakin 'yan kasuwa. Abin da ya sa yake yi musu aiki abu uku ne. Ana yanka zaren gajere-gajere a kaɗa shi kamar auduga, don haka ba ya santsin leda. Jallabiya kuma buɗaɗɗiya ce daga wuya har idon sawu, duk taku ɗaya iska na shiga ta ƙasa ta fita ta wuya. Sannan ba ita ke taɓa fata ba. A ƙarƙashinta akwai fanila da sirwal, wato rigar ciki da wandon ciki, na auduga da ke shanye gumin. Ka ƙara da cewa mai ita daga mukayyif yake fita ya shiga mukayyif. Ɗauki wannan yadin ka ɗinka matsattsiyar shat ka cusa ta cikin wando ka ɗaure da bel, ka rufe duk ƙofofin da suka sa yake da daɗi. Abin da ya faru da shat ɗinsa masu ƙyalli ke nan.

Foliyesta yana da wata matsalar da ba a cika faɗa a gaban mutane ba, wato wari. Yana kama maiƙon jiki ya riƙe, kuma wani bincike da aka yi a Jami'ar Ghent ta Beljiyam a 2014 ya nuna ƙwayoyin da ke kawo warin gumi sun fi yaɗuwa a kansa fiye da auduga. Duk wanda ya taɓa tsayawa sahun Azahar kusa da mai rigar ƙwallo ba ya buƙatar jami'a ta gaya masa. Duk da haka ba zan jefar da shi gaba ɗaya ba. Tishat ɗin 'yan wasa mai ƙananan huji, wadda ke janye gumi zuwa waje ta bushe cikin minti kaɗan, ta fi auduga amfani ga mai ɗaukar kaya a laimar Jidda, muddin za a wanke ta kullum ba fashi. Wanda ke aiki kusa da wuta kuwa, mai gasa kaza ko mai walda, kada ya kusance shi ko da kyauta ne, domin auduga ci take yi ta zama toka, shi kuma narkewa yake yi ya manne a fata.

Biskos ba zan daɗe a kansa ba. Daga itace da aka narkar ake yin sa, yana da sanyin taɓawa da zubi mai kyau, kuma da wannan sanyin yake yaudarar hannu a shago. A jiki ma ba laifi in kana zaune a inuwa. Amma da zarar ya jiƙe ƙarfinsa ya ragu sosai, yana nuna tabon gumi ɓaro-ɓaro, yana tsukewa, ɗinkin hammata kuma shi ke fara buɗewa. Wanda ake ce maka na gora ne, yawanci shi ne dai aka sauya wa suna. Rigar zuwa walima ce, ba ta aiki ba.

Gaurayen foliyesta da auduga shi ya cika kasuwa, kuma a nan lamba ake karantawa. Mai 65 foliyesta 35 auduga shi ne yadin yunifom: ba ya mutuwa, ba ya son guga, amma yana da zafi. In aka juya lissafin, auduga ta kai 60 ko ta haura, an samu rigar da talaka mai aiki zai zauna lafiya da ita. Takardar da ke ɗauke da lambar tana ɗinke a cikin rigar ta gefen hagu, can ƙasa. Ita za ka tambaya, ba mai shago ba.

Sai dai zan faɗi abin da ya ɗauke ni shekaru kafin in yarda da shi: saƙa da nauyi sun fi sunan zare muhimmanci. Auduga zalla mai saƙar kaki, wadda aka danne zarenta ƙam, ta fi gauraye mai sakakkiyar saƙa zafi nesa ba kusa ba. Yadin shat na bazara ya kamata ya tsaya tsakanin giram 100 zuwa 130 a kowace murabba'in mita, na wando tsakanin 180 zuwa 240. Jins na yau da kullum ya haura 400, ka ga kenan mai sa shi a Agusta bargo ya ɗaura a ƙugu. Ba kowane shago ne zai gaya maka nauyi ba, don haka ga yadda na koya wa yaron. Ka ɗaga yadin ka kalli fitila ta cikinsa. In haske na ratsowa ta ƙananan ramuka, iska ma za ta ratsa. Ka kara shi a baki ka hura, tafin hannunka na ɗaya gefen. In ba ka ji komai ba, ajiye. Ka dunƙule gefensa a hannu ka ƙirga goma ka saki: kittani zai fito da karaya masu kaifi, auduga masu laushi, foliyesta kuwa zai miƙe kamar ba a taɓa shi ba. In yadi ne na mita kuma mai shago ya yarda, zare ɗaya da ashana sun gama gardama: auduga da kittani da biskos suna warin takarda su bar toka mai laushi, roba tana tattarewa ta zama baƙin ƙulli mai tauri. Wani dattijo ɗan Yaman da muka tsaya wurinsa, da ya ga na ciro ashana sai ya yi dariya ya janye bandir ɗin da ya fara miƙo mana, ya shiga ciki ya ɗauko wani.

A cikin saƙar auduga, boblin mara nauyi shi ne na kullum, yana karɓar guga yana fita fes. Boyal ya fi shi iska amma yana nuna jiki, dole sai da singileti. Akwai wata saƙa mai tudu da kwari a jere kamar kunyar gona, Turawa na ce mata siyasaka. Tudun ne ke hana ta manne wa fata, kuma ba a goge ta sam, wanda ya dace da gwauro. Masu kauri irin na shat ɗin makaranta a bar su sai Disamba. Rigunan auduga da aka rubuta wa ba sa buƙatar guga kuwa, wani sinadari aka shafa musu, kuma a jikina na ji ba su kai sauran shan gumi ba.

Ɗinki shi ne rabin magana. A 1980 wasu masu bincike sun gwada dalilin da ya sa Larabawan ƙauye a hamadar Sina'i ke sa baƙar riga a rana, suka tarar zafin da ke isa fata kusan ɗaya ne da na farar riga, saboda rigar tana da faɗi, iska na tashi a cikinta ta kwashe zafin kafin ya iso jiki. Ma'ana, yalwa ta fi launi. Ka ƙara lamba ɗaya a kan wadda ka saba, ka tabbata yatsu biyu na shiga tsakanin kwala da wuya, hammata kuma ba ta cije ba. Wanda zai wuni a rana dogon hannu ya fi masa, duk da ido na ganin akasin haka, domin ranar Makka a kan tsirarar fata ta fi kowane yadi zafi. Ni kaina na koma sayen yadi da mita ina kai wa wani tela ɗan Katsina a Hindawiyya yana yi mini 'yar shara da wando, ko shat mai faɗi da ake saki a waje. Sharaɗinsa ɗaya, kuma yana da gaskiya: "Alhaji, a jiƙa shi ya kwana a shanya kafin a kawo mini, kada gobe a ce ni na ci yadi."

Launi kuwa, fari sunna ne kuma shi ya fi mayar da rana, sai dai ƙurar sito ba ta raga masa. Abin da mutane ba su lura da shi ba shi ne ruwan toka da shuɗi mai haske su suka fi kowa tona asirin gumi. Mai yawan zufa ya nemi fari, ko ruwan madara, ko mai ƙananan zane da gida-gida da ke ɓatar da tabo. Batun singileti ana gardama a kai har gobe. Ni ra'ayina, a Madina da Riyad da cikin ofis, siririyar singiletin auduga tana kare riga daga rawayar hammata kuma tana tare sanyin mukayyif. A titin Jidda a Satumba kuwa ƙarin kaya ce kawai, sai in rigar na nuna jiki.

Wando ya fi riga wahalar zaɓe, domin shi ana sallah da shi sau biyar, kuma a wurin da ya fi ko'ina gumi yake zaune. Abu na farko da nake dubawa hantsa. Wandon zamani mai gajeriyar hantsa, kana yin ruku'u ya zame, shat ta ɗage, na bayanka ya ga abin da bai zo gani ba. A ɗakin gwaji ka tsuguna, ka yi kamar za ka yi zaman tahiya. In ya ja a gwiwa ko ya sauka a baya, ba naka ba ne. Na biyu, farin wando na kittani ko siririyar auduga yana da daɗi ƙwarai, amma ka sa hannunka a ciki ka duba a haske: in kana ganin launin fatarka, to a sujada ma za a gani, sai dai a sa shi a ƙarƙashin doguwar riga. Ruwan ƙasa da ruwan toka mai duhu sun raba ka da wannan damuwar. Na uku, juya aljihun waje. Sau da yawa wandon auduga ne amma an yi masa aljihu da shafin ƙugu na roba, sai ka rasa dalilin da cinyarka ke jiƙewa a wuri biyu kawai. Zaren roba mai talewa in bai wuce kashi 2 ba yana sauƙaƙa zama da tashi, amma zafin wanki da na rana suna kashe shi, gwiwa ta yi jaka. Mai zariya ko mai roba a baya ya fi mai bel shan iska, in wurin aikinka ya yarda. Gajeren wando kuwa ba a hana shi a titi ba, amma tun 2022 akwai tara a kan shiga masallaci ko ofishin gwamnati da shi, mu kuma dama tarbiyyarmu ba ta kai can ba.

In an tambaye ni a taƙaice wa zai sayi me: direba da ke wuni a zaune, bayansa manne da kujera, ya nemi gaurayen da auduga ta rinjaya, don kittani zai yi masa kaca-kaca kafin Azahar. Ɗalibi a Madina, auduga zalla ta ishe shi, iskar garin za ta busar masa. Mai zirga-zirga a ƙafa a Jidda ko tsakanin masauki da Harami, kittani da auduga. Mai ofis da ke son kari ya tsaya, boblin da singileti.

Saura kula da su, inda yawancinmu muke kashe kayan da hannunmu. Gumi gishiri ne da maiƙo. In ya kwana biyu a cikin kwando, ya zauna ke nan. Rigar da ta sha rana, ko ba za a wanke ta a ranar ba, a ɗauraye ta a shanya. Rawayar hammata kuma ba gumi kaɗai ke kawo ta ba, haɗuwarsa ce da sinadarin alminiyam da ke cikin turaren hana zufa, don haka a bari ya bushe kafin a sa riga. Kuskuren da kowa ke yi shi ne ya ga rawaya ya kwarara Clorox. Shi kuwa ƙara dafa tabon gumi yake yi, yana mayar da farin foliyesta ruwan ƙwai, yana cinye zaren roba. Abin da ke aiki shi ne a kwaɓa bikarbonat da ɗan ruwa a shafa, ko a jiƙa rigar a garin wanki mai oksijin na awa ɗaya zuwa biyu, a goge kwala da sabulun wanke-wanke saboda maiƙo. Ɗan khal, wato ruwan tsamin binega, a ruwan ɗauraya yana kashe warin foliyesta. Amma kada a kuskura a haɗa khal da Clorox a bokiti ɗaya. Iskar da ke tashi guba ce, a ƙaramin banɗaki tana iya kai mutum asibiti. Ruwan laushin kaya mai ƙamshi kuma a rage shi, domin rufe zaren yake yi ya hana shi shan gumi.

Wani abu da baƙo ba ya sani: a bazara tankin da ke kan rufi yana wuni a rana, don haka famfon da aka rubuta wa sanyi, da Azahar ruwan shayi yake zubarwa. Ka sa biskos ko sabon kittani a ciki, ka ciro na ƙaninka. A yi wanki da asuba ko can cikin dare. Shanya ma haka: fari ya sha rana ba komai, har ƙara masa haske take yi, amma mai launi a juya cikinsa waje a sa a inuwa, kuma a kwashe da ya bushe. Na taɓa mance wando shuɗi kwana biyu a kan rufi, na same shi da layin igiya fari a gwiwa. A Jidda matsalar akasin haka ce, kaya su ƙi bushewa su yi warin damshi, sai a shanya a ɗaki a kunna musu fanka. Hangar waya da magsala, wato shagon wanki da guga, ke bayarwa tana tsatsa a laimar nan ta bar tabo a kafaɗa, ledar da suke rufowa da ita kuma a cire ta da an iso gida.

Guga yana da alamarsa a takardar riga: ɗigo ɗaya wajen digiri 110, biyu wajen 150, uku wajen 200. Kittani da auduga suna son uku, kuma da ɗan danshinsu. Kittanin da ya bushe ƙayau, ko ka kwana kana dannawa ba zai miƙe ba. Foliyesta da biskos ba sa wuce biyu, ta ciki. Wannan darasin da kuɗina na saye shi. Na kai wani wando mai duhu wata magsala a unguwarmu ban ce komai ba, aka haɗa shi da jallabiyoyi aka danne da injin tururi, ya dawo yana sheƙi a cinya da mazaunai kamar an shafa masa man gyaɗa, ya kuma ɗage sama da idon sawu fiye da yadda sunna ta nema. Tun daga ranar nake faɗa da bakina: wuta kaɗan, kuma bidun nasha, wato ban da sitati. Sitati yana toshe ramukan da ka biya kuɗi dominsu. A shadda ado ne, a rigar bazara kuwa rufe taga ne.

Mun fito daga Balad bayan isha'i da shat uku na boblin, biyu farare ɗaya mai gida-gida, da tishat biyu masu huji na sito, da wandon auduga da kittani ruwan ƙasa guda biyu, da yadi mita huɗu da za a kai wa tela. Rigar kittani zalla da ya ƙyalla ido a kai na hana shi, na ce sai ranar da ya sayi dutsen guga nasa na kansa. Shaddojin kuma muka ninke muka mayar akwati. Ya ce, "Kawu, to waɗannan yaushe?" Na ce ya bari sai Janairu, ko ranar da za mu hau Ɗa'ifa.